Shekarar da na faɗi bak, da littafin Shaiɗan a salulata

Ranar da aka kira sakamakon bak ɗina na farko ban tsaya aka gama karanta sunaye ba. Da mai kira ya tsallake wurin da sunana ya kamata ya faɗo, sai na zare jiki daga cikin taron, na tari kabu-kabu na yi gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta gane. Ni na riga ta magana, na ce: “Haka Allah Ya so.” Ta ce: “Haka ne, ɗana. Wani jinkiri alheri ne.” Kafin magariba duk wanda ya shigo gidanmu wannan maganar ya maimaita mini, har na fara jin daɗinta kamar ruwan randa. Baba kaɗai ne bai faɗe ta ba. Ya dawo daga kasuwa, aka gaya masa, ya yi alwala ya fita masallaci.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun watan Janairu ban sake buɗe kayen kimiyya ba. Ba mantuwa ba ce, kuma ba rashin lafiya ba. Da gangan na yi. Ni adabi nake so, seri A, tun ina koleji nake cika bayan kayena da labarai. Baba ya ce seri D zan yi, don yana son likita a gidansa, kuma a gidanmu in Baba ya ce, to an gama. Ban iya ce masa a'a ba. Sai na sami wata hanyar faɗin a'a wadda ba ta bukatar buɗe baki: kullum in saɓa jaka in tafi lise, in zauna a bencin baya, in bar shekara ta wuce ta kaina.

A cikin wannan daminar, ina zaman shago ina auna wa mutane sukari da shinkafa, taubashina ya zo hutu daga Katsina inda yake karatu. Wata rana a fada, ana jiran shayi na biyu, ya ga na yi tagumi, ya ce: “Kai baƙauye, kawo salularka in ba ka abin da zai hana ka wanga zugum.” Ya tura mini wasu fayiloli ta Xender. Da na buɗe na ga BD ne, labarin zane, amma ba irin su Tintin da muka saba gani a laburare ba. Da Ingilishi yake, kuma sunan da ke jikin bangon ya sa na kusa sakin wayar: Lucifer.

Ku yi mini dariya in kuna so, amma makon farko sai na yi a'uziyya nake buɗe shi. Ina karanta littafin Shaiɗan ina neman tsari daga Shaiɗan. Bayan lisha nake shiga gidan sauro, in rage hasken waya, ƙamus a gefe, domin Ingilishina na lise ne, shafi ɗaya kan ci mini minti goma. Wannan jinkirin ya yi mini amfani. Wanda ke karatu da ƙyar ba ya tsallake komai.

Ga wanda bai san shi ba, asalin wannan Lucifer ɗin daga wani BD ne mai suna Sandman, na marubucin Ingila Neil Gaiman, wanda ya fara fitowa a 1989 ya ƙare a 1996. Ba shi da ƙaho ko jela. Kyakkyawan Bature ne mai farin gashi, an zana shi da kamannin mawaƙin nan David Bowie. A wani sashe na Sandman ya yi abin da ban taɓa jin an jingina wa Shaiɗan ba: ya gaji da mulkin wuta, ya kori duk wanda ke ciki, aljanu da matattu, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana kullewa, ya sa aka yanke masa fukafukai, ya miƙa wa sarkin mafarki makulli, ya yi tafiyarsa. Daga baya wani marubucin Ingila, Mike Carey, ya ɗauki labarin ya ci gaba da shi daga 2000 zuwa 2006, fitowa 75, yawancin zanen na Peter Gross da Ryan Kelly da Dean Ormston. A nan za ka same shi a birnin Los Anjelis na Amurka, ya buɗe gidan shaƙatawa mai suna Lux, yana kaɗa fiyano.

Wani zai ce to ai wasa ne. Ba wasa ba ne. Abin da ke cin Lucifer ɗin Carey tun daga farko har ƙarshe abu guda ne: ba ya iya jure cewa wani ne ya yi shi. Mahaliccinsa, wanda yake kira Ubansa, ya san duk abin da zai aikata tun kafin ya aikata, don haka ko tawayen da ya yi yana cikin tsarin. In ya bi, an tsara. In ya ƙi, an tsara. Sai ya nemi hanyar fita daga halittar gaba ɗaya. Ya yi wa sama wani aiki, aka biya shi da takardar wucewa, ya buɗe ƙofa zuwa sararin da babu komai cikinsa, ya yi amfani da ƙarfin ɗan'uwansa Mika'ilu ya ƙagi tasa duniyar. Ya yi namiji da mace ya sa su a lambu, ya ba su doka ɗaya tak, wato kada su bauta wa kowa, har shi kansa.

Ina ɗan shekara goma sha tara, na faɗi jarrabawa don in ɓata wa ubana rai, kuna ganin wa zan ɗauka a matsayin gwarzona? Na riƙa jin kamar da ni ake. Har tafiyata ta sauya. In Baba ya aike ni sai in amsa da “to” ɗin nan mai sanyi, ina jin kaina wani babban ɗan tawaye, alhali buhun gishiri zan ɗauko.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi wani abu, don na san akwai waɗanda tun daga take suka fara istigfari a madadina. Wannan Lucifer ɗin ba Iblis ɗin da muka karanta a makarantar allo ba ne. Nasu mala'ika ne da ya faɗo, labarin da ya biyo ta hanyar Kiristanci da kuma dogon waƙen John Milton, Paradise Lost, na 1667. Mu kuwa Suratul Kahfi ta gaya mana Iblis daga aljanu yake, kuma mala'iku ba sa saɓa umarni. Haka abin da littafin ke kira Ubangiji, wanda har zana shi aka yi a siffar wani dattijo da hular Turawa, wanda ke barin halittarsa ya yi tafiya har a nemi magaji, wannan ba Allahn da nake yi wa sujada ba ne, tsarki ya tabbata gare Shi. Shafukan nan da sauri nake wuce su, har yau kuma ba na son kallonsu. Ban taɓa ruɗewa a kan wannan ba. Inda na ruɗe daban ne, kuma ya fi kusa da gida.

Akwai wurin da Lucifer ke zagayawa da sarkin mafarki yana kulle ƙofofin wuta, yana ƙorafi a kan mutane. Abin da yake nufi shi ne, mutane na ɗora masa laifin duk ƙazantar da suka aikata, alhali shi bai taɓa tilasta wa kowa ba, su suke rayuwarsu da hannunsu. Da na karanta sai na ajiye wayar a ƙirji na yi shiru, don na san na taɓa jin wannan maganar, kuma ba a BD ba. A Suratu Ibrahim take, inda aka ba da labarin abin da Shaiɗan zai gaya wa mabiyansa bayan an gama hisabi: ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kansu. Tun ina yaro na haddace ayar, na sha karanta ta a tarawihi a bayan liman, amma ba ta taɓa taka ni ba sai da wani Bature ya sa makamanciyarta a bakin wani zane mai farin gashi. Wannan abin kunya ne a gare ni, amma haka aka yi.

Ni dai ban ce Shaiɗan ne ya hana ni karatu ba. Abin da na yi ya fi haka muni, na ce Allah ne.

Akwai wani dattijon malami a unguwarmu da ke karantar da Risala a zaurensa tsakanin magariba da lisha. Na daina zuwa tun ina aji na uku a koleji. Wani dare na koma, na zauna can baya, da aka tashi na tsaya ina naɗe tabarmi. Ban ambaci BD ba, ai ba ni da hauka. Cewa na yi: “Allah gafarta Malam, in an riga an rubuta mutum zai faɗi, mi ne ne laifinsa in ya faɗi?”

Bai amsa nan take ba. Ya gama ɗaure littattafansa a gafaka, sannan ya ce: “Kai ne ke zaman shagon babanka yanzu ko?” Na ce e. Ya ce: “To in wani ya shigo ya ɗauki kwalin sukari ya ruga, ka kama shi, ya ce maka an rubuta zai ɗauka, sakin shi kake yi?” Na yi dariya na ce a'a. Ya ce: “To don mi hujjar da ba ka karɓa daga ɓarawo kake son a karɓa daga gare ka?” Sannan ya tuna mini da Suratul A'araf. Biyu ne suka saɓa a farkon labarin ɗan Adam. Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa, Annabi Adamu da Hauwa'u kuwa suka ce su suka zalunci kansu. Ya ce malaman tauhidi sun yi ta fama da wannan mas'ala, wasu suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, wasu suka ce shi ke halittar aikinsa, su Imam Ash'ari suka tsaya a tsakiya da abin da suka kira kasbu, Allah ke halitta, bawa ke ɗauka. Ya ce: “Amma kai ba wannan ta kawo ka ba. Kai dai ka san abin da ka yi da watanninka.”

Ban ce na fahimci kasbu ba. Har yanzu in na zurfafa tunani a kai kaina juyawa yake, kuma na lura waɗanda suka fi saurin cewa abin a fili yake su ne waɗanda ba su taɓa zama suka yi tunaninsa ba. Amma a hanyar gida na gane wani abu da ya ba ni haushi. Ina ta ɗaukar kaina Lucifer, mai girman kan da ba ya ɗora wa kowa nauyin aikinsa, ashe ni a sahun Iblis nake, mai cewa Kai Ka ɓatar da ni. Ko a cikin shaiɗanun ma ban zaɓi mai mutuncin ba.

Na koma wa littafin da wani ido daban, sai na fara ganin abubuwan da na tsallake lokacin da nake masa tafi. Ana yawan yabon wannan Lucifer da cewa ba ya ƙarya, kuma gaskiya ne, ba ya yi. Amma ku dubi yarinyar nan Rachel, a ɗan gajeren labarin da Carey ya fara da shi a 1999. Cikin fushi ta yi wa ƙanenta naƙasasshe mugun fata, fatan ya kama shi ya mutu. Lucifer na bukatarta don aikinsa, sai ya bar ta tana zaton in ta bi shi za ta dawo da yaron. Bai yi mata alkawari ba, bai kuma gyara mata zatonta ba. Da ya gama da ita ya bar ta da gawar da laifin. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san irin wannan mai gaskiyar, wanda ba zai ce maka buhun cike yake ba, zai dai yi shiru kana biya. Haka yake yi da kowa. Ƴancin da yake nema nasa ne shi kaɗai, sauran halittu kuwa itacen hura wutarsa ne.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Duk inda ya je, Uban nan nasa yana gabansa. Ya ƙagi duniya, amma lambu ya yi da namiji da mace, wato kwaikwayon wanda yake gudu. Dokarsa ta hana bauta, ita ma doka ce, kuma martani ce ga wata dokar. Ko ƙin da yake yi, da ma'aunin wancan yake auna shi. Na dubi shekarata. Ban rubuta labari ko ɗaya ba a cikinta. Ni da nake cewa adabi nake so, ban karanta littafin adabi ko ɗaya ba daga Janairu zuwa Yuli. Duk ƙarfina ya tafi wajen kada in zama abin da Baba ke so, har ban sami lokacin zama abin da ni nake so ba. Da a ce na yi karatun likitan ma da zuciya ɗaya, da Baba bai cika mini kai kamar yadda ya cika shi a wannan shekarar ba.

Ƙarshen labarin ba zan ɓoye muku shi ba, wanda ba ya so ya tsallake wannan sakin layi. Wata ƴar makaranta daga Landan, Elaine Belloc, ƴar Mika'ilu, ita ke hawa kujerar da aka bari. Lucifer ya sallami kowa. Akwai Mazikeen, jarumar da ta bi shi tun daga wuta, mai rabin fuska a lalace, wadda ta yi yaƙi dominsa ta kuma so shi. Ya bar mata ƙarfinsa a matsayin kyautar bankwana, ita kuwa ta zare takobi ta tsaga masa fuska don kada ya manta da ita. A fitowa ta 75 ya haɗu da Uban nasa, aka yi masa tayin wani irin sulhu, ya ƙi, ya juya ya shiga sararin da babu kowa babu komai. Taubashina na ganin wannan ne ƙarshe mafi kyau da ya taɓa karantawa, namiji ya tsaya a kan bakansa har ƙarshe. Mun yi musu a kai har shayi ya huce. Ni sanyi na ji a jikina. Carey bai yi wa gwarzonsa ƙarya ba, ya ba shi daidai abin da ya nema, ya kuma nuna kuɗinsa: in kana son kada kowa ya sa hannu a cikin yin ka, to sai ka je inda babu kowa. Ni kuma ina son tuwon Inna, ina son fada, ina son ƙannena da ke damuna. A garinmu ko sunanka ba ka faɗi sai ka haɗa da na ubanka.

Ana saura ƴan makonni a koma makaranta, wata ranar Laraba da azahar, kasuwa ta yi sanyi, daga ni sai Baba a shago yana duba littafin bashi. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin ta fito. Na ce: “Baba, jarrabawar nan ba ƙaddara ta kayar da ni ba. Ni na ƙi karatu.”

Bai ɗago ba. Ya ce: “Na sani.”

Na ce: “Tun yaushe?”

Ya ce: “Tun da na ga fitilar ɗakinka na mutuwa da wuri. Ina jira in ga ko za ka hwaɗa da bakinka.” Ya ja layi a ƙarƙashin wani suna, ya rufe littafin. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba a shekara goma sha tara da na yi a gidansa. Ashe ya ci jarrabawar shiga koleji, shi ne na biyu a makarantarsu. Kakanmu ya ce boko ya isa haka, ya haɗa shi da wani fatake mai kai kaya Jibiya. Ya ce ya yi wata uku ba ya yi wa kakanmu magana sai gaisuwa. Ba da sigar neman tausayi ya faɗa ba, kamar yana karanto lissafi ne. Ban san abin da zan ce ba, sai na ce Allah Ya jiƙan Kaka. Ya ce amin.

Ina so in ce muku daga nan ya rungume ni ya ce je ka yi adabinka. Bai yi ba. Cewa ya yi shi har gobe likita yake so, kuma yana ganin wauta ce mutum ya bar abin da zai ci da shi ya kama tatsuniya. Amma ya ce in seri A ɗin nake so, kuɗin rajista da na littattafai daga ladan zaman shagona za su fito, ba daga aljihunsa ba, kuma in na sake faɗuwa kada in kuskura in ambaci sunan Allah a cikin maganar. Na ce na yarda. Wani ya shigo sayen ashana, maganar ta tsaya nan.

Yanzu ina shekara ta biyu a sashen adabi. Ni da Baba ba mu sake tayar da zancen ba, sai dai in baƙo ya tambaye shi abin da nake karanta, yakan ce: “Tambaye shi, shi ya zaɓa.” Har yau ban gane ko yabo ne ko gori ba.

Fayilolin suna nan, na kwashe su daga tsohuwar salula zuwa sabuwa. A hutun da ya wuce ƙanena, wanda ke aji na ƙarshe a koleji kuma ya fara amsa wa Baba da irin “to” ɗin nan da na sani, ya ɗauki wayata yana neman wasa, ya ci karo da bangon. Ya zo ya same ni a zaure yana rage murya: “Yaya, wanga na mi ne ne? Tura mini.” Na karɓe wayar na ce ya bari sai ya gama jarrabawa. Ya ce in ya gama zan tura? Na ce ya je ya ɗebo wa Inna ruwa tukuna.